Akwatin Ɗan Juma

Shafi na 19

Masu damuna tun jiya da "wai Mounkaila zai faɗi gaskiya kuwa?" ku yi haƙuri, ni kaina haushinsa nake ji. Ga shi nan a cikin jirgi, ku ji da kunnenku.

*

Jirgin ƙasa bai gama fita daga Paris ba Mounkaila ya jiƙe sharkaf da gumi, alhali Disamba ce ta 1984, kowa a taragon yana naɗe cikin kwat.

Hajiya Salamatou, mai shagon atamfa a unguwar Château Rouge, ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Ta tuɓe takalmi, ta naɗe ƙafa ɗaya kamar tana tsakar gidanta a Maraɗi. Wai Lyon za ta je sayo yadi. Tun da ya hango ta a tashar Gare de Lyon riƙe da tikiti gabansa yake faɗuwa.

"Ina akwatin?" ta ce.

"Wanne, Hajiya?"

"Akwati nawa aka ba ka? Na Ɗan Juma."

"Yana can wajen ajiye kaya, bakin ƙofa."

Ta ɗaga kai ta dubi saman kujerunsu. Jakarsa na nan kusa da tata, dukansu irin ta kasuwar Barbès ɗin nan mai ratsin ja da shuɗi, wadda babu baƙar fatar da ba shi da ita a Paris.

"Taka tana bisa kanka, na mamaci shina bakin ƙohwa inda kowa ke shuri da ƙahwa. Tashi ka ɗauko shi."

Ya tashi.

Ɗan Juma abokin ɗakinsa ne a unguwar La Courneuve, ɗan garinsu Damagaram. Shi ya tarbe shi ranar da ya sauka Faransa, shi ya lulluɓe shi da bargonsa mai ruwan ƙasa, mai ƙunar dutsen guga a gefe, ya kwana cikin kwat shi kuwa. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon sanyin nan, bai tashi ba.

An yi masa sutura, an binne shi a nan. Amma har yau Inna Fatsima, mahaifiyarsa, ba ta sani ba. Dattawan unguwa suna da ƙa'idarsu, kuma Alhaji Illiassou shugabansu ba ya wasa da ita: ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta ta waya, ba a faɗa mata ta wasiƙa. Ɗan gari ne zai ɗauki akwatin mamaci, ya je ya zauna gabanta, ya sha ruwan da ta ba shi, sannan ya buɗe baki.

To wa ke shirin zuwa gida? Mounkaila! Ai tun kafin Ɗan Juma ya kwanta ya bi ɗaki ɗaki yana sallama, wai zai bi ta Marseille ya hau jirgin ruwa zuwa Alger, daga nan mota ta Tamanrasset, Agadas, har Damagaram.

Ƙarya ce tsagwaronta.

Marseille ɗin dai gaskiya ne. Amma jirgin da ke jiransa gobe da safe farin jirgi ne na yawon shaƙatawa, wanda masu hali ke shiga su zagaya teku suna cin daɗi. Aiki ya samu a ciki na wata shida: yawo da tire, yana miƙa wa Turawa kofunan giya. Shi, ɗan limamin unguwarsu ta Damagaram. Masana'antar da yake aiki ta rufe, ya nemi wani har tafin ƙafarsa ya gaji, wannan kaɗai ya samu. Kunya ta hana shi faɗa, ya ƙirƙiro tafiya gida. Ga tafiya gidan nan ta zo ta ɗaure shi.

Ya tarar da akwatin inda ya bar shi, tsohon akwati na kwali mai kalar goro, an ɗaure shi da igiya. Ya tsaya a kansa yana kallo.

Bari in faɗa muku abin da shi ba zai iya faɗa ba. Da gangan ya ajiye shi a nan. A ransa ya ce wataƙila a Lyon wani ya yi kuskure ya sauka da shi. Ko kuma shi ya sauka a Marseille ya manta. Sai ya aika wa Alhaji cewa akwati ya ɓace. Tunanin ya zo masa sau ɗaya ne kawai, a kan dandamali, amma ai hannunsa ya bi tunanin. Yanzu da ya kama mariƙin akwatin sai ya ji ya tsani kansa.

Ya jawo shi, ya ajiye tsakanin ƙafafunsu.

"Yauwa," in ji Hajiya. Ta ɗora tafin hannu a kai. "Allah ya jiƙanka, Ɗan Juma."

"Amin."

"Fasfonka shina ina?"

"Aljihun kwat ɗina, Hajiya."

"Madalla. Kada ka taɓa sa shi cikin jaka, jaka ba ta da amana."

Ta ɓare goro, ta miƙa masa rabi. Ya karɓa ya riƙe a hannu. A waje gonakin Faransa na wucewa fuu, farare da raɓar sanyi.

"In ka isa, mi za ka ce mata?"

"Wa?"

"Kai wai yau kunnenka ya toshe ne? Inna Fatsima."

"Zan... zan gaishe ta."

"Sai kuma?"

"Sai in ce Ɗan Juma ba shi da lafiya."

"A'a. Kada ka ja mata rai, tsohuwa ce. Ka bari ta ba ka ruwa ka sha. Ka sa a kira maƙwabciya guda ta zamna kusa da ita. Ka tura akwatin gabanta. Da ta ga akwati babu mai shi, rabin maganar ya hwaɗu. Sauran rabin ne naka."

"To, Hajiya."

"Za ta tambaye ka wa ya riƙe kansa. Ka ce kai ne. Ai kai ne ko?"

"Ni ne."

Shi ne kuwa. Shi ya ɗiga masa ruwa a baki da cokali, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada. Shi ne kuma yanzu yake zaune yana amsa "to" a kan tafiyar da ya san ba zai yi ba.

Mai duba tikiti ya zo, ya huda nasu, ya nuna akwatin da ke tare hanya ya yi wata magana da Faransanci. Hajiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Monsieur, wannan ba kaya ba ne, mutum ne."

Bai ji Hausa ba, amma ya ji muryar. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Ta juyo kan Mounkaila, idonta ya sauka a ƙafarsa.

"Wannan takalmin fa?"

Baƙi ne wul, sai sheƙi yake, sabo fil.

"Da shi za ka ƙetare Sahara?"

"Akwai wani a jaka."

"Bargo fa? Ka san sanyin Tamanrasset da asuba? Ni na bi hanyar nan da marigayi mai gidana, na ga ƙato shina kuka da hawaye don sanyi. Kana da bargo?"

"Zan saya a Alger."

"Rawani? Buta? Bidon ruwa?"

"Duk a Alger, Hajiya."

"Oho. Alger ɗin nan dai komi akwai."

Ta tauna goronta a hankali tana kallonsa. Wallahi da ni ce Mounkaila da a nan zan durƙusa in faɗi gaskiya in huta. Matar nan ƙofa take buɗe masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana bin su yana rufewa.

Ta zaro ƙunshin kilishi daga cikin mayafinta.

"Ungo guzuri. Sauko da jakarka ka sa."

"Bari in riƙe a hannu."

"Mai zai ɓata maka kwat. Sauko da ita."

Ya miƙe ya jawo jakar. Ya cika ta fiye da ƙima, kuma kun san zif ɗin jakar Barbès. Yana ja ya ji ɓarrr! Bakin ya wage daga wannan gefe zuwa wancan.

Abin da ke sama ya zamo ya faɗo kan akwatin Ɗan Juma.

Farar kwat ce, gajera, mai maɓallan zinariya, da hoton jirgin ruwa a ƙirji. Ga fararen safar hannu. Ga ɗan baƙin ƙyallen wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. Ga takardun shiga jirgi a cikin leda.



Hajiya ta ɗauki kwat ɗin da yatsa biyu, ta ɗaga ta sama.

"Kayan Sahara ke nan?"

"Hajiya..."

"Ko limancin babanka za ka gada da ita?"

"Don Allah, Hajiya, ki rage murya."

"Wa ke jin Hausa a nan? Ni da kai ne, sai wanda ke da akwati. Hwaɗi. Ina za ka?"

Ya zube kan kujera. Goron da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Jirgin yawo ne. Na Turawa. Gobe da safe zai tashi."

"Zuwa ina?"

"Ba ya zuwa ko'ina. Zagayawa yake ya dawo."

"Har yaushe?"

"Wata shida."

"Aikin mi?"

Ya kau da kai.

"Na ce aikin mi?"

"Raba abin sha."

"Fura?"

"Giya, Hajiya."

Ta ninke kwat ɗin a tsanake, ta mayar cikin jakar, ta tura safar hannun da takardun. Ta yage bakin wani jan ƙyallen atamfa da haƙori, ta ɗaure jakar tam, ta ce ya mayar sama. Ya mayar. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Giyar tsakaninka da Ubangijinka ce," ta ce. "Ni ba ita ta dame ni ba. Wannan fa?" Ta buga akwatin da yatsa. "Shi ma yawon teku zai yi wata shida? Tsohuwa tana can tana yi wa ɗanta addu'ar samun kasuwa, shi kuwa ƙasa ta rufe shi?"

"Na rasa yadda zan yi ne."

"Ka rasa bakin cewa Alhaji a'a?"

"A gaban jama'a ya miƙo min, Hajiya! Kowa na cewa Allah ya yi maka albarka, Mounkaila. In ce me? In ce ku yi haƙuri, ƙarya nake, mashaya zan tafi?"

"Shi ya sa ka aje shi bakin ƙohwa."

Ya ɗago da sauri.

"Kana zaton ban gani ba? Mutumin da ke tsoron a sace kaya ba ya aje su inda ka aje."

Nan fa hawaye suka ɓalle masa. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Wata tsohuwar Baturiya a ɗaya ɓangaren ta sauke jaridarta ta dube su, ta sake ɗagawa.

"Shekara takwas, Hajiya. Shekara takwas ban taka gida ba. In je da me? Ƙannena sun yi aure ban aika ko zane ba. Babana na gaya wa mutane ɗansa na Faransa. In shiga gidan nan da jaka guda da labarin mutuwa? In na bar jirgin nan ba ni da komai. Wallahi ba ni da komai!"

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

"Na ce ma na sani. Har sunan jirgin na sani."

Ya sauke hannunsa.

"Wa ya... Babu wanda na gaya wa. Mutum ɗaya ne kawai, shi kuma..."

Idonsa ya faɗa kan akwatin.

"Shi kuwa," in ji Hajiya.

Ta gyara zama, ta sauke ƙafarta ƙasa. Muryarta ta yi laushi.

"Ranar da na kai mishi kunu gidan likita, ka tuna? Ya aike ka ka sayo mishi lemo. Lemon da ko tsotsa ba ya iyawa. Kana hita ya kama hannuna. Ya ce, Hajiya, ni tawa ta ƙare. Ya ce Mounkaila ba gida za shi ba, jirgin giya za shi, kada Alhaji ya ji, kada kowa ya ji, ki rufa mishi asiri."

"Ya Salam."

"Na ce to ai sai a nemi wani ya kai akwatinka. Ya ce a'a. Ya ce shi nike so. Ki tsaya kai da fata sai an ba shi."

"Ya san ba zan je ba, ya ce a ba ni?"

"Ya ce yaron nan kunya ta kashe shi da ransa. Babansa ya tsufa, idonsa ya hwara mutuwa, in aka bar shi sai dai ya ji labari daga nesa kamar yadda Inna za ta ji nawa. Ya ce ba zai taɓa zuwa gida don kansa ba, amma zai je don ni. Wanda ya shiga gari da akwatin mamaci, ba mai tambayarsa tsaraba."

Mounkaila ya kifa goshinsa a kan akwatin. Kuka yake irin na ƙaramin yaro, har da shessheƙa. Mutum yana kan gadon mutuwa, numfashi na yi masa wuya, amma tunanin yadda zai rufa wa abokinsa asiri ya kai shi gida yake. Shi kuma abokin ya saka masa da ajiye shi bakin ƙofa don ɓarawo ya ɗauka.

"Yadin da za ki saya a Lyon fa?" ya ce, kansa a ƙasa.

"Wane yadi? Ni ko mutum guda ban sani ba a Lyon. Shagona na rufe ranar Asabar guda saboda kai."

Jirgi ya fara rage gudu. Gidaje suka maye gurbin gonaki, ga gada, ga kogi. Lasifika ta ce Lyon. Mutane suka miƙe suna jan kaya.

Hajiya ta sa takalminta. Ta miƙe ta sauko da jaka da kanta, ta rungume ta a gaba, ta ja mayafi ta rufe.

"Ɗauko akwatin ka biyo ni."

Ya bi bayanta yana jan sa cikin turereniya, idonsa ko gani sosai ba ya yi. Ƙofa ta buɗe, iskar sanyi ta bugo. Ta sauka, ta dire jakar a bayanta, ta juyo ta kama mariƙin akwatin. Ita a ƙasa, shi a bakin ƙofa, akwati a tsakani.

"To ga ni ga ka. In jirgin giya za ka, saki. In koma da shi Paris in ce wa Alhaji ba ka da lahiya, a jira wani matafiyi ko da bayan salla ne. Asirinka ba zai hita daga bakina ba, na yi wa mamaci alkawari."

"Hajiya, ki ba ni lokaci in yi tunani."

"Jirgin Bature ba ya jiran tunani. Saki."

"In na je gida aikin ya tafi."

"Ya tahi. Saki mana!"

Ta ja. Bai saki ba.

Wani ma'aikaci ya busa usur daga can gaba.

"Abu guda ban hwaɗa maka ba," ta ce. "Jiya Alhaji ya buga waya gidan waya na Damagaram. Bai ce komi ba, ya ce dai a gaya wa Inna Fatsima Mounkaila na hanya da saƙon ɗanta. Aka je aka dawo da amsa."

"Me ta ce?"

"Ta sa an share maka ɗaki. Kuma ta ce a tambaye ka tun kahin ka iso, wai Ɗan Juma ya yi ƙiba kuwa? Shina cin abinci?"

Usur na biyu.

"Saki, Mounkaila!"

Ya ƙanƙame mariƙin da hannu biyu.

Ita ta saki.

Ya yi baya taga-taga ya faɗi zaune, akwatin a ƙirjinsa. Ƙofa ta rufe ƙyat.

Ya miƙe ya manna fuska a gilashi. Jirgi ya fara motsi. Hajiya ta gyara mayafinta, ta matsa gefe, ta zauna daram a kan jakar da ta sauka da ita.

Jan ƙyallen atamfa na lilo a bakin jakar.

"Hajiya! Jakata! Hajiya, tawa ce!"

Ya daki gilashin da tafin hannu. Ta ɗaga masa hannu ɗaya kamar mai sallamar ɗan makaranta, dandamali ya tafi da ita.

Kwat, safar hannu, takardun shiga jirgi, duk suna ƙarƙashin Hajiya Salamatou a tashar Lyon. Shi kuwa jirgi ya miƙa da shi Marseille.

Ya koma kujerarsa da gudu yana jan akwatin. Jakarta na nan a sama. Ya fizgo ta, ya ja zif.

Buta ce a sama. Sai bidon ruwa, 'yar jarka. Sai baƙin rawani sabo, ko ninkinsa ba a warware ba.

A ƙasansu kuma bargo ne mai ruwan ƙasa.

Ya jawo shi a hankali, ya juya gefensa.

Ga ƙunar dutsen guga nan.